'Yan Wasa Birjik, Kakar Wasa Babu: Ƙwallon Ɗalibai a Samaru

A watan Maris na 2016 wasu ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello suka ɗaure kayansu a Samaru suka kama hanyar Legas, tafiyar da ta haura kilomita 800, domin buga wasa ɗaya tak. Sunan ƙungiyarsu ABU Titans. Wasan nasu kuwa ƙwallon ƙafar Amurka ne, wannan mai hular kwano da sulken kafaɗa, wanda ake rungumar ƙwallo a ruga da ita ana ture-ture. A ƙaramin filin wasa na Campos da ke tsibirin Legas suka kara da Lagos Marines, karawar da aka bayyana a matsayin ta farko irinta tsakanin ƙungiyoyi biyu na Nijeriya. 'Yan Zariya ne suka yi nasara.

Abin alfahari ne, kuma ya cancanci a riƙa tunawa da shi. To amma me ya kai su har Legas? A wancan lokacin babu abokin karawa a kusa. Babu a Kano, babu a Kaduna, babu a Sakkwato. Samari sun yi ta atisaye wata da watanni, sun haddace dabaru, sun sha faɗuwa a busasshiyar ƙasa, amma kafin su ga fuskar wanda za su gwada ƙwanji da shi sai da suka ratsa ƙasar nan tun daga arewa har bakin teku. Da suka dawo gida da nasararsu, wa za su fuskanta Asabar mai zuwa? Ƙungiya biyu ba sa yin gasa, ko da kullum za su haɗu.

Wannan tambayar ta wuce Titans. Ita ce ke bin kowace ƙungiyar ɗalibai a Samaru, har da ta ƙwallon ƙafar da muka saba. Muna da 'yan wasa, muna da filaye, muna da 'yan kallo. Abin da ba mu da shi shi ne kakar wasa, wato jerin ranaku sanannu da aka tsayar tun kafin a fara, waɗanda ɗan wasa da ɗan kallo za su tsara rayuwarsu a kansu.

Yadda baƙon wasa ya sauka a Samaru

Wanda ya san harabar nan ba zai yi mamakin cewa a cikinta wannan wasa ya fara samun masauki ba. An daɗe da zumunci tsakanin Samaru da Amurka ta fuskar wasanni, kuma ƙwallon kwando ce ta ƙulla shi. Oliver B. Johnson, Ba'amurken da kowa ke kira Koci OBJ, ya shafe shekaru masu yawa a Zariya yana koya wa yara jefa ƙwallo a kwando. Cikin waɗanda suka bi ta hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, daga baya ya shugabanci Toronto Raptors har ta ci kofin NBA a 2019. Akwai kuma Ejike Ugboaja, wanda Cleveland Cavaliers ta zaɓa a 2006, shi ma a filayen Zariya ya goge. Sansanonin horo da Ugboaja ya riƙa shirya wa matasa a gida suna cikin abin da ya janyo masu horarwa daga Amurka zuwa Nijeriya, wasunsu kuma ƙwallon ƙafar can suka iya. Ta wannan ƙofar wasan ya shigo. A farkon shekarun 2010 aka kafa Titans, Amadi Chukwuemeka ne kocinta.

Ga wanda bai taɓa zama ya kalla ba, wasan yakan yi kama da rikici. Ba haka yake ba. Kowane ɓangare mutum 11 ne a fili. Tsawon filin yadi 100 ne, ban da gidaje biyu da ke ƙarshensa. Ɓangaren da ke riƙe da ƙwallo yana da dama huɗu ya ci gaba da yadi 10. In ya ci, a sake ba shi wasu huɗu. In ya kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Wanda ya kai ta gidan abokan hamayya ya samu maki 6, wanda ya doka ta ta bi tsakanin turaku biyu ya samu maki 3. Kafin kowane yunƙuri 'yan wasa sukan haɗa kai su yi ƙus-ƙus, madugunsu ya faɗi dabarar da za a bi, kowa ya san inda zai ruga da wanda zai tare. Dabarun nan haddace su ake yi kamar karatu.

A nan matsalar rashin abokin karawa take fitowa fili. In kullum da 'yan ƙungiyarka kake gwadawa, masu tsaron bayanka sun san duk wata alama da madugu zai yi, sun san ƙafar da kake fara ɗagawa in za ka ruga. Ba za ka taɓa sanin ko dabararka tana aiki ba sai ranar da ka gwada ta a kan baƙo. Ga kuma yawan mutanen da wasan ke ci, domin masu kai hari daban, masu tsaro daban, ƙungiya ba ta tsayuwa da mutum goma sha ɗaya. Hular kwano da sulke ba a ɗinka su a kasuwar Sabon Gari, daga waje ake kawo su, kuma in hula ɗaya ta tsage ɗan wasa ɗaya ya zauna ke nan. Filin ma abin dubawa ne. Da damina ciyawa takan yi laushi, amma daga Disamba zuwa Fabrairu, in hunturu ya busar da ƙasar Samaru, duk wanda aka kayar zai ji a jikinsa. Mutanen da suka jure wannan duka saboda son wasa, mafi ƙarancin abin da ya kamace su shi ne a sama musu wanda za su kara da shi a kai a kai.

A inda wasan ya fito, a jami'a aka haife shi. Karawar da ake ƙirgawa ta farko an yi ta ne tsakanin Rutgers da Princeton a ranar 6 ga Nuwamba, 1869. Yau babbar ƙungiyar jami'a a Amurka tana buga wasa 12 tsakanin ƙarshen Agusta da ƙarshen Nuwamba, galibi ranar Asabar, kafin a shiga wasannin cin kofi. Ana sanar da wasu karawar shekaru kafin ranarsu. Filin Jami'ar Michigan da ke Ann Arbor yana ɗaukar mutum fiye da 107,000, kuma ita da Ohio State sun fara haɗuwa tun 1897, har yanzu a ƙarshen Nuwamba suke gamuwa. A irin wannan tsari ne Christian Okoye, ɗan Inugu, wanda ya je Jami'ar Azusa Pacific a matsayin mai jifan faifai, ya fara taɓa ƙwallon yana da shekara 23, ya shiga Kansas City Chiefs a 1987, kuma a 1989 babu wanda ya kai shi cin yadi da gudu a gasar NFL. Baiwar daga gida ya tafi da ita. Abin da ya tarar a can shi ne wasa kowane mako.

Ba ina nufin mu kwaikwayi Amurka a komai ba. Tsarinsu yana da nasa aibin. Kuɗi sun yi masa yawa har a wasu makarantun albashin koci ya ninka na shugaban jami'a, kuma likitoci sun tabbatar da illar da yawan karo da kai ke yi wa ƙwaƙwalwa. Ba mu buƙatar fili mai cin mutum dubu ɗari. Abin da ya kamata mu ɗauka ba ya cin ko kwabo: a rubuta ranakun wasa, a kuma cika su.

Kaka mai wasa biyu

Mu dawo kan tamaular da kowa ya sani. A 2018 aka fara gasar manyan makarantu ta HiFL, wadda kamfanin PACE Sports and Entertainment Marketing ya shirya da haɗin gwiwar NUGA, ƙungiyar wasannin jami'o'in Nijeriya, bankin Stanbic IBTC kuma yana cikin masu ɗaukar nauyi. Gasar ta zo da abin da aka daɗe ana nema. An ba ƙungiyoyi sunaye masu daɗin kira: ABU Nobles, BUK Stallions, UDUS Sultans, UNIMAID Desert Warriors. An saka musu riguna masu kyau, an ɗauki wasanninsu a kyamara, an buga su a cikin harabar makarantu inda ɗalibai za su cika gefen fili. Jami'ar Aikin Gona ta Makurɗi ce ta ci kofin farko a 2018, ta Kalaba ta ci a 2019, sai ta Maiduguri a 2021. Nasarar Maiduguri ta isa amsa ga duk mai cewa ɗaliban Arewa ba su kai ba. Jami'ar da ta shafe shekaru tana karatu a bakin rikici ce ta ɗauko kofin daga Legas.

Sai dai tsarin gasar na sili-ɗaya-ƙwale ne. In an wuce wasannin share fage aka kai zagayen 'yan 16, ƙungiyoyi biyu za su buga gida da waje, wadda aka doke ta koma ɗaki. Ma'ana, ƙungiyar da ta yi wata uku tana atisaye tana iya gama babban zagayenta a wasa biyu, saboda gola ya yi kuskure ɗaya ko an bar da fenareti. Ba laifin masu shiryawa ba ne kaɗai, domin ɗaukar ƙungiyoyi daga wannan kusurwar ƙasar zuwa waccan yana cin kuɗi, kuma sili-ɗaya-ƙwale ya fi araha. Amma kofi daban, kakar wasa daban. Kofi yakan nuna wanda ya fi sa'a da ƙarfi a rana ɗaya. Kaka ce ke gina ɗan wasa, domin a cikinta ne yaron da ya yi ɓarna a mako na biyu zai samu mako na uku da na huɗu ya gyara, koci ya gane cewa wanda ya ajiye a baya ɗan tsakiya ne, ƙungiya ta koyi yadda ake tashi bayan an sha kashi.

Gasar NUGA kuwa ta girmi HiFL nesa ba kusa ba. An fara ta a Ibadan a 1966, Jami'ar Ahmadu Bello tana cikin jami'o'i biyar na farko da suka kafa ta, kuma Samaru ta karɓi baƙuncinta, ciki har da ta 2001. Amma ita biki ce ta kwanaki kaɗan, wadda aka tsara yi duk bayan shekara biyu, kuma ko wannan ba ya samuwa. An yi a Ife a 2014, aka yi a Makurɗi a 2017, ba a sake ba sai a Legas a 2022. Ɗalibin da ya shiga jami'a bayan ta Makurɗi yana karatun shekara huɗu, da a ce karatu ya tafi daidai, zai iya gamawa ya tafi hidimar ƙasa bai taɓa ganin NUGA da idonsa ba.

Karatun ma bai tafi daidai ba, kuma wannan shi ne babban abin da ke cinye kakar wasa a jami'o'in gwamnati. Ƙungiyar malamai ta ASUU ta yi yajin aiki daga Yuli zuwa Disamba na 2013. Ta sake yi daga Nuwamba 2018 zuwa Fabrairu 2019. A 2020 yajin aiki ya haɗu da annobar korona, makarantu suka kasance a rufe daga Maris har ƙarshen shekara. A 2022 an fara ranar 14 ga Fabrairu, ba a janye ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cif. NUGA ta Legas a cikin wannan yajin aka yi ta, a watan Maris, lokacin da ɗalibai suke gidajen iyayensu. Ba shari'ar malamai da gwamnati nake yi a nan ba, kowa ya san abin da ya haddasa ta. Abin da nake kallo shi ne yadda take faɗowa a kan ƙungiya.

In aka rufe makaranta, mai tsaron gida ya tafi Jalingo, kyaftin ya tafi Ilori, ɗan gaba ya koma shagon babansa a Funtuwa. Wasu za su ci gaba da taɓa ƙwallo a unguwa, wasu ba za su sake sa takalmi ba sai an dawo. Ranar da aka buɗe kuwa, hukuma za ta matse zangon karatu don a rama abin da ya wuce. Lakca har yamma, gwaji ranar Asabar, jarrabawa ta ƙarato tun ba a gama rajista ba. A irin wannan yanayi ɗalibin injiniya ko na likitanci da ya ce zai je atisaye, abokansa ma za su ce masa ya yi wa kansa faɗa. Kafin abubuwa su daidaita, manyan 'yan wasan sun kammala sun tafi, koci ya koma neman sababbi daga 'yan aji ɗaya. Ƙungiyar makaranta dama kowace shekara takan yi asarar wasu, haka tsarinta yake a ko'ina a duniya. Bambancin shi ne a wasu wuraren kafin manya su tafi sun buga wasanni da yawa tare da ƙanana, sun miƙa musu abin da suka sani.

Inda ƙwallon take da rai

Duk da haka, kada wani ya ɗauka ƙwallo ta mutu a Samaru. Ka zagaya bayan la'asar ka gani. Filayen da ke kusa da ɗakunan kwanan Suleiman da Akenzua da Danfodio ba sa zama fanko. Gasar sassa da ta tsangayoyi takan tara jama'ar da wani wasan ƙwararru a ƙasar nan ba ya tarawa, ana kiɗa ana ihu, 'yan Injiniya suna yi wa 'yan Kimiyya tsiya, kowa da taken da yake rerawa. A wajen katanga ma haka abin yake. Daga Hayin Dogo zuwa Bomo, daga Palladan zuwa Sabon Gari, kowace unguwa da kulob ɗinta da kocinta na sa-kai, wanda sau da yawa daga aljihunsa yake sayen ƙwallo da ruwan leda. Ɗalibai da yawa da ke zaune a cikin gari suna buga wa waɗannan kulob-kulob, sun fi samun wasa a can fiye da a rigar makarantarsu.

Sannan ga gidajen kallo. Ranar Asabar da Lahadi, daga cikin kasuwar Samaru har Kwangila, benci ba ya ragowa. Ɗalibin da ke zaune a wurin zai faɗa maka ranar da Arsenal za ta je gidan Chelsea, da wanda ya ji rauni, da maki nawa ya rage a kamo na ɗaya. Tambaye shi yaushe jami'arsa za ta buga, sai ya dube ka. Mutane sukan ce ai don ƙwallon Turai ta fi kyau ne. Ta fi kyau, babu musu. Amma ni a ganina ba kyau kaɗai ke riƙe ɗan kallo ba, sabo ne. Gasar Ingila ba ta taɓa saɓa masa alkawari ba, ya san in mako ya zagayo tana nan. Ƙauna irin ta ƙwallo da maimaici take kafuwa, kuma ba za ka zargi mutum da ƙin abin da bai san ranar zuwansa ba.

Wani zai ce, to mene ne abin damuwa, ai karatu aka zo yi. Na yarda karatu ne gaba. Amma a gidajenmu an daɗe ana ɗora wa yaro zaɓi mai tsanani: ko boko ko ƙwallo. Uba yana ganin ɗansa da takalmin ƙwallo sai gabansa ya faɗi, domin waɗanda ya sani da suka bi wannan hanya sun bar makaranta, kaɗan ne suka kai ko'ina, sauran suna nan ba takarda ba sana'a. Tsoronsa yana da dalili. Ƙungiyar jami'a mai kaka tsayayya ita ce kaɗai amsar da za ta gamsar da wannan uba, domin tana nuna masa yaro yana buga ƙwallo a gaban dubban mutane ranar Laraba, ranar Alhamis kuma yana aji. An taɓa yin haka a ƙasar nan. Adokiye Amiesimaka karatun lauya ya yi a Jami'ar Legas yana buga wa ƙasa, yana cikin Green Eagles da suka ci kofin Afirka a 1980, daga baya kuma ya riƙe muƙamin kwamishinan shari'a a jihar Ribas. Ba daga sama ya faɗo ba, wasannin makarantu ne suka fito da shi.

Akwai kuma abin da ya shafi Samaru ita kanta. Tun da aka buɗe jami'ar a ranar 4 ga Oktoba, 1962, alfaharinta shi ne babu jihar da ba ta da ɗa a cikinta. A aji mutum yana iya shekara huɗu bai yi doguwar magana da wanda ba yarensu ɗaya ba. A fili ba ya yiwuwa. Bahaushe ne zai miƙa wa Tibi ƙwallo, Bayarabe ya tsare wa Babarbare baya, in an ci a rungume juna, in an sha kashi a hau mota ɗaya a dawo. A ƙasar da ake ta neman abin da zai haɗa matasa, wannan ba ƙaramin abu ba ne da za a bari sai in an samu sarari.

Abin da ke hannunmu

Ba sai an jira Legas ko Abuja ba. Zariya kaɗai tana da manyan makarantun da suka isa su yi gasa tsakaninsu. Ga harabar Samaru, ga ta Kongo, kowace tana iya fitar da ƙungiya. Ga tsohuwar Kwalejin Ilimi ta Tarayya da aka ɗaga zuwa jami'a. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, ga makarantar koyon tuƙin jirgin sama a Palladan, ga cibiyar fasahar sufuri ta NITT, ga cibiyar fasahar fata da Kwalejin Aikin Gona duk a nan Samaru. Ƙungiya takwas ke nan. In kowace ta buga da kowace gida da waje, wasa 14 ne ga kowa, ya ma fi abin da babbar ƙungiyar jami'a a Amurka ke bugawa kafin wasannin kofi. Babu kwanan otal, babu doguwar tafiya, kuɗin bas ne daga wannan unguwa zuwa waccan, sai alawus na alƙalin wasa da akwatin magani. Wani amfanin kuma shi ne makarantun nan ba ƙungiyar malamai ɗaya suke bi ba, saboda haka yajin aikin ɗaya ba lallai ya tsayar da gasar gaba ɗaya ba.

Lokacin ma Allah ya riga ya tsara mana shi. Daga ƙarshen Oktoba, in ruwa ya ɗauke ciyawa ba ta gama bushewa ba, har zuwa Fabrairu kafin zafin bazara ya sauko, wata huɗu ne na sanyin yamma. Tsakanin la'asar da magariba akwai isasshen lokacin wasa ɗaya ba tare da an kunna fitila ba. In azumi ya faɗo a ciki, a ɗaga, kowa ya san ranarsa tun da wuri.

Wadda ta zo ta ɗaya a Zariya sai ta fita ta gamu da takwarorinta. Kaduna kilomita 80 ce ko kusa da haka, Kano tafiyar sa'o'i kaɗan ce, ga Wudil, ga Dutsin-Ma, ga Katsina, ga Dutse. Titin da ya wuce ta ƙofar jami'ar shi ne ya miƙe zuwa Funtuwa da Gusau da Sakkwato. Na san halin da wasu hanyoyin nan suke ciki ta fuskar tsaro, kuma babu wasan da ya kai ran ɗalibi ɗaya. Shi ya sa nake cewa a fara daga cikin gari, a faɗaɗa gwargwadon yadda hanya ta yarda. Karawar Nobles da Stallions ta Jami'ar Bayero, in aka tsayar mata da mako guda kowace shekara, bana a Samaru baɗi a Kano, ba za ta daɗe ba za ta zama ranar da tsofaffin ɗalibai ke ɗaukar hutu don su halarta.

Su kuma masu ƙwallon Amurka, wata ƙofa ta buɗe musu. Akwai nau'in wasan da ba a ture-ture a cikinsa, mutum biyar-biyar, inda maimakon ka kayar da mai ƙwallo sai ka fizge ƙyallen da ke rataye a ƙugunsa. Ba ya buƙatar hular kwano ko sulke, haɗarin rauninsa kaɗan ne, kuma an saka shi cikin wasannin Olamfik na Los Angeles a 2028. A watan Yuni na 2025, a Alƙahira, Nijeriya ta ci kofin Afirka na wannan nau'i, maza da mata. Wasa ne da kowace tsangaya za ta iya haɗa ƙungiyarsa cikin mako guda, har da ɗalibai mata na ɗakunan Amina da Ribadu, waɗanda sau da yawa ake mantawa da su in ana maganar fili. Harabar da ta riga kowa karɓar wasan a ƙasar nan bai kamata a bar ta a baya a wannan ba.

Sai rubutu. Kakar da ba a rubuta ba, da zarar waɗanda suka buga ta sun kammala, ta tafi tare da su. Jami'ar tana da sashen koyon aikin jarida, tana da gidan rediyonta, tana da sashen da ke koyar da ilimin motsa jiki, tana da ɗakin karatu na Kashim Ibrahim. Ɗalibai biyu a kowane wasa sun isa su rubuta sunayen waɗanda suka buga, da wanda ya ci, da minti nawa, a karanta a rediyo da daddare, a liƙa teburin maki a ƙofar ɗakunan kwana, a ajiye kwafi a ɗakin karatu. Ta haka ne ɗan wasa zai samu abin nunawa in wani kulob ya tambaye shi tarihinsa, kuma ta haka ne mai kamfani zai ga abin da zai sa kuɗinsa a kai.

Maganar kuɗi ba za ta gagara ba in an tashi yi. A yawancin jami'o'in ƙasar nan akwai kuɗin wasanni a cikin abin da ɗalibi ke biya lokacin rajista, ga tsofaffin ɗalibai da suka cika manyan ofisoshin ƙasar, ga 'yan kasuwar Sabon Gari da za su so sunan shagonsu a ƙirjin riga. Abin da ya fi kuɗi wuya shi ne lokaci, kuma shi hukuma ce kaɗai ke iya bayarwa. A jami'o'in Birtaniya yammacin Laraba na wasanni ne, akasari ba a saka lakca a ciki, shi ya sa gasarsu ke tafiya mako bayan mako. A nan ma majalisar malaman jami'a ce ke amincewa da kalandar karatu kafin kowace shekara, ranar rajista da ta jarrabawa da ta hutu duk a rubuce. A cikin wannan takardar ya kamata ranakun wasa su shiga, da sharaɗin cewa ba a saka gwaji a kansu, kuma in yajin aiki ya tilasta aka sake kalandar, a sake su tare da ita maimakon a share su.